Tikitin Sha Tara Ga Wata

2 ga wata

Maman Tsuntsuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yar tawa mai surutu, da Yaya da mutanen gidanta. Ni ma lafiya ƙalau, sai kewa.

Tunda kin ce aikin asibiti ya yi yawa, kuma lokacin da nake tashi daga nawa ke kina tsaye a kan marasa lafiya, na bi shawararki. Zan riƙa rubutawa a takarda in ɗauki hoto in turo, ki karanta in kin samu sarari. Ki yi haƙuri da tabon da ke gefe, man burodi ne.

Nan annoba ta kashe gari. Titin da ke gaban gidan burodinmu, wanda da sai ka yi minti biyar ba ka tsallaka ba, yanzu kyanwa ke kwanciya a tsakiyarsa. Mu kaɗai aka bari a buɗe, mu da masu magani. Kin ga ni da ke aikinmu ya zama ɗaya.

Ga dalilin rubutuna. Jiya Dogo, abokin ɗakina, ya nuna mini kuɗin jirgi a wayarsa, sai da na karɓa na goge gilashin da rigata na sake dubawa. Tikitin da a da sai na haɗa albashin wata uku, yanzu na kwana goma ya isa, har da canji. Jirage suna tashi rabi babu kowa. Akwai na ranar sha tara. Shekara biyu da wata bakwai rabona da gida. Na bar Tsuntsuwa tana taku biyu ta faɗi, yanzu ga ta tana ba ni labari. Me kika gani? In saya?

Af, wani ɗan abu. A saƙon muryar da Yaya ta turo mini, na ji Tsuntsuwa tana cewa, "Baba, Kawu Direba ya kawo mini balan-balan ja." Na lissafa 'yan'uwanki na lissafa nawa, ban samu direba ba. Wane ne? Tambaya ce kawai.

Ki shafa mini kanta. Allah ya tsare ku.

Mijinki

4 ga wata

Baban Tsuntsuwa,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ina gaishe ka da aiki. Minti goma gare ni, don haka ka yi haƙuri da gajeren rubutu.

Kada ka saya.

Ka tambayi kanka me ya sa ya yi araha. Masu hankali sun ƙi hawa ne. Awa tara za ka yi a rufe da numfashin mutane, ga tsayawa a wani filin jirgin ka jira, da ƙirjin nan naka da ko ƙurar fulawa ke sa shi kuka. Ka manta sau nawa na kwana ina riƙe maka abin shaƙa? In ka sauka ma ba gida za ka zo ba, kwana sha huɗu za a killace ka a ɗakin da ba ka zaɓa ba. Sannan saura wata bakwai kwantiraginka ya ƙare. In ka fito aka rufe hanya, wa zai ajiye maka gurbinka? Mun yi haƙurin shekara biyu da rabi, mu ƙarasa.

Kawu Direba direban motar asibiti ne. Tunda aka hana motocin haya, shi ke kwasar ma'aikata. Yana da kirki da yara, shi ke nan labarinsa.

Tunda ana tambayoyi, ni ma ga tawa. Takunkumin da ke fuskarka a hoton makon jiya, mai furanni shuɗaye, ɗinkin hannu ne, na ƙara girman hoton na gani. Kai ko maɓalli ba ka iya sawa ba. Wa ya ɗinka? Tambaya ce kawai.

Ka riƙa wanke hannu, ka ajiye abin shaƙarka a aljihu, ba a ƙarƙashin matashi ba.

Matarka

7 ga wata

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana cin abinci. A hotonka na ga wuyanka ya fito.

Na yi ta juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Amma ni na goye ka bayan rasuwar Inna, ba zan zuba ido a rufe ka ba.

Yau kwana ashirin da uku matarka ba ta kwana a gidanka ba. Ta kawo mini Tsuntsuwa da jakar kayanta, ta ce aiki ya ƙaru, a asibiti za ta riƙa kwana, kuma kada in gaya maka don kada hankalinka ya tashi. Na ce to. Yarinya 'yata ce, shagon yadina a rufe yake, ba abin da nake yi.

Abin da ban gane ba shi ne wannan. Duk bayan kwana biyu farar motar asibiti za ta tsaya a bakin layinmu. Direban ya sauko da leda, ya ajiye a ƙofata, ya ja baya, ya yi ta yi wa yarinya wasa daga nesa tana ƙyalƙyala dariya. Ita kuwa matarka tana zaune a cikin mota bayan gilashi, ko saukowa ba ta yi ta ce Yaya ina kwana. Shekaranjiya da idona na ga ya zaro mukulli daga aljihunsa, ya buɗe ƙofar gidanka, ya shiga, ya fito da kayan sawarta a hannu. Mukullin gidanka, Auta. Ni da nake yayarka ba a ba ni ba.

Kuma kada ka ɗauka wani tsoho ne. Ba zai wuce sa'anka ba, ga tsafta, kullum riga a goge.

Ban ce na ga wani abu ba. Abin da na gani na faɗa. Na ji an ce jirgi ya yi araha. In ni ce kai, da na zo na ga gidana.

Allah ya yi maka albarka.

Yayarka

8 ga wata

Malama,

Bayan sallama. Ina fatan kina lafiya a duk inda kike kwana.

Ni ma na iya ƙara girman hoto. Na koma kan wasiƙarki ta ranar huɗu, na bar rubutun na duba gefe. Teburin da kika ɗora takardar ba namu ba ne. Namu na katako ne, mai ƙunar dutsen guga a kusurwa, ni na ƙona shi. Wannan na ƙarfe ne. A gefen dama kuma akwai bakin kofi biyu. Biyu.

Yanzu na gane abin da ya sa wata guda ke nan kina kashe kiran bidiyo kina cewa sabis ba kyau.

Kwana ashirin da huɗu. Yaya ta sani, direba ya sani, 'yar shekara huɗu ta sani. Ni ne kawai baƙo, ni da nake tsaye gaban tanda tun asuba har hannuwana sun daina jin zafi. Yau na ƙona tire biyu, manaja ya tambaye ni ko an yi mini rasuwa ne.

Wani ƙato yana shiga ɗakina yana buɗe durowarki. Ya san inda kike ajiye kayanki. 'Yata tana kiransa Kawu da murnar da ban taɓa ji ta kira ni da ita ba, ni sai an ce mata "gaishe da Baba" sau uku. Sannan kika zauna kika jero mini dalilai huɗu masu kyau na kada in zo. Da na karanta su na ce matata tana ji da ni. Yanzu ina karanta su ina ganin wani abu daban.

Na kama kujera a jirgin sha tara. Ejan ya ce zai riƙe mini ita zuwa jibi da azahar, in ban biya ba ta tafi. Kina da kwana biyu ki gaya mini gaskiya, kowace iri ce.

Baban yarinyar

9 ga wata

Baban Tsuntsuwa,

Amin wa'alaikumus salam, ko da yake sallamar taka ba ta da gishiri.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, ina cire safar hannu ta uku. Na so in yi kuka, sai na tuna ba a taɓa fuska a nan. Ga gaskiyar da kake nema.

Tun sha huɗu ga watan jiya aka mayar da ni sashen da ake killace masu cutar. Mu takwas aka zaɓa. Ba a tilasta ni ba, an tambaya na ce to. Wanda ke aiki a nan ba ya komawa gida. Muna kwana a masaukin ma'aikata bayan ɗakin wanki, mu biyu a ɗaki. Teburin ƙarfen na nan ne. Kofi na biyu na abokiyar ɗakina ne, wata nas mai jikoki uku da minshari kamar injin niƙa. In kana so in turo maka muryar minsharin, sai ka ƙara masa girma shi ma.

Ban gaya wa Yaya wane sashe ba ne, domin in layinmu suka ji, ba yaron da za a bari ya ko kalli Tsuntsuwa. Kai kuma ban gaya maka ba domin na san ka. Na san za ka yi abin da ga shi kana shirin yi.

Mukulli kuwa, ni ba zan shiga gidan ba, don kada in bar wani abu a kan abin da yarinya za ta taɓa wata rana. Na so in ba Yaya, na tuna za ta buɗe kowace durowa ta yi mini tambaya a kan kowane ɗankwali. Na ba wanda ba ruwansa. Kaya a ƙulle suke cikin jaka a bayan ƙofa, bai taɓa wuce zaure ba. Kuskure ne ban gaya maka ba, na yarda. Wannan kaɗai na yarda da shi.

Kana kishin direba? To ka shiga layi, ina gabanka. Shi yana sauka ya tsaya taku biyar daga 'yata, ya ji muryarta ba gilashi. Ni ina cikin mota ina ɗaga hannu kamar wata baƙuwa. Ranar Talata ta faɗi ta goge gwiwa ina kallo. Ta buɗe baki ta ce "Mama", na kama murfin mota zan buɗe, ashe ba ni take nufi ba. Wurin Yaya ta ruga. Yaya ta ɗauke ta ta shige gida, ko waiwayowa ba su yi ba. Direban ya miƙo mini tishu ta baya ya ja mota.

Ba zan ɓoye maka ba, yana da kirki, kuma kullum in na shiga mota sai ya ce, "Sista, kin ci abinci kuwa?" Haka yake tambayar mu duka takwas. Amma akwai daɗi a tambaye ka. Duba wasiƙunka biyu ka gani ko ka tambaya.

Jiya mutum uku suka rasu a hannuna. Ɗaya direban babbar mota ne mai asma, bai kai ka shekaru ba. Ya dawo daga tafiya ne don ya ga matarsa ta haihu. Ni na riƙe masa waya ya yi mata sallama.

In za ka zo don ka kama ni, ka taho, mukullin na nan, ka bincika har ƙarƙashin gado. In don kana so na ne, ka zauna inda kake.

Har yanzu ba ka ce komai a kan takunkumin ba.

Matarka, ko ka yarda ko kada ka yarda

10 ga wata

Maman Tsuntsuwa,

Assalamu alaikum, da gishirinta wannan karon. Kin ci abinci?

Azahar ta wuce da awa biyu. Ban biya ba.

Kada ki ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Na zauna a kan buhun fulawa a bayan shago, waya a hannu, na cike komai saura in danna. Na riga na tambayi manaja, ya ce in na tafi ba zai hana ni ba, amma akwai mutum biyar da ke jiran gurbina. Wannan bai tsayar da ni ba. Dogo ne ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Wai matarka za ka je gani ko direba?" Na ce matata. Ya ce, "To ita ta ce ba za ta iya taɓa 'yar da ta haifa ba, kai ne za ta taɓa? Gilashin za ka je ka tsaya a baya kai ma, ka ƙara mata mutum ɗaya da za ta ji tsoro a kansa." Na zage shi. Sannan na sa wayar a aljihu.

Ki yafe mini "Malama" da sauran abin da ya biyo baya. Na ji kunya. Amma kada ki sake ɓoye mini abu irin wannan don kina tausayin ƙirjina. Abin da na yi ta saƙawa kwana uku ya fi asma shaƙe mutum.

Takunkumi: mai karɓar kuɗi a shagonmu ce ta ɗinka. Na so in ce miki tsohuwa ce, amma yau ranar gaskiya ce. Ba tsohuwa ba ce. Sai dai guda sha ɗaya ta ɗinka, daga labule ɗaya, har manaja yana yawo da furanni a baki. In kin ce in daina sawa, na daina.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki karɓi mukullin nan ki ba Yaya, ta bincika duk ɗankwalin da take so. Na yarda da ke. Shi ne ban sani ba, kuma ba na son in san shi.

Allah ya kare mini ke.

Mijinki

23 ga wata

Auta,

Sallama. Na san ka ji an rufe filin jirgi tun ranar ashirin, kuma na san kwana shida ke nan kana kiran wayar matarka ba ta shiga. Ka zauna kafin ka ƙarasa karantawa.

Ta kamu. Yau da safe motar ta sake zuwa babu ita. Direban ya tsaya daga nesa, ya cire hularsa, ya gaya mini. Tun ranar sha bakwai take kwance a sashen da take aiki, an sa mata iskar taimakon numfashi. Ita ta hana a faɗa, shi ne ya ga abin ya yi tsawo ya karya maganarta. Sai yau na san inda take aiki. Wata guda tana bayan gilashi don ta kare mu, ni ina nan ina cewa girman kai ne.

Mukullin yana hannuna tun ranar sha biyu, ban buɗe ko durowa ɗaya ba. Wasiƙar da na rubuta maka kuwa, da ana janye rubutu da na janye.

Tsuntsuwa lafiyarta ƙalau. Na ce mata Mama tana barci ne. Ga lambar direban a ƙasa, shi kaɗai ke iya kaiwa kusa da tagarta.

Mu yi ta addu'a.

Yayarka

25 ga wata

Maman Tsuntsuwa,

Assalamu alaikum. Sannu. Sannu, kin ji?

Abokiyar ɗakinki za ta karanta miki wannan, don haka ina gaishe ta, kuma ta yi haƙuri, an gaya mini labarin minsharinta.

Jirgin sha tara ya tashi ba ni, washegari aka rufe hanya. Na ji maganarki, ga shi yanzu ko da albashin shekara ba mai sayar mini da kujera. Ban san ko daidai na yi ba. Dogo ya ce ko na zo da yanzu ina killace a wani ɗaki, ban fi nan kusa da ke ba. Na san gaskiya ya faɗa, amma ba ta sa ni barci.

Na kira mutumin naki. Sau uku ina danna lambar ina kashewa. Da ya ɗauka na ce, "Mijin Sista ne." Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na so a ce tuntuni ka kira." Na roƙe shi, da bakina, ya riƙa zuwa tagarki safe da yamma yana gaya mini abin da ya gani. Yau ya ce kin ɗaga yatsu biyu, kuma kin harari likita. Na ce to da sauƙi.

Har yanzu ina jin haushinsa. Yana ganinki sau biyu a rana. Amma in wayata ta yi ƙara na ga shi ne, har tire nake yarwa.

Ki tashi, don Allah. Ba ni da wata maganar.

Mijinki

3 ga sabon wata

Baban Tsuntsuwa,

Wa'alaikumus salam. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gado nake yin sa.

Jiya aka cire mini iskar. Na sha shayi rabin kofi, na taka zuwa taga da ƙafata. In gwaji biyu suka fito da kyau, nan da kwana goma zan je in ɗauki 'yata, kuma na gaya wa shugabarmu ba zan sauke ta ba sai hannuna ya gaji.

Daidai ka yi. Da kana cikin jirgin nan, da ban samu ƙarfin da zan yi jinyar kaina ba.

Amma ka riƙa dubawa kullum. Ranar da aka buɗe hanya, aka ce an samu lafiya, kada ka tambaye ni. Ka saya, ko nawa ne.

Matarka